Sharhi kan wardin floribunda: fure da yawa, amma a zaɓa da ido biyu

Mai son wardi a gida wanda ba shi da lokacin yi masa hidima kullum, floribunda ne nasa. Ra'ayina ke nan bayan na reni ire-irensa kusa da wardin hybrid tea, wanda ake yanka a saka a kwalba. Hybrid tea fure ɗaya babba yake ɗorawa a kan dogon kara. Floribunda kuwa kowane reshe gungu yake ɗauka, fure biyar, bakwai, wani sa'in fiye da goma, kuma kafin wannan gungun ya kaɗe wani ya taso. Gado ne ya yi daga iyaye biyu: polyantha mai ƙananan furanni da juriya, da hybrid tea mai kyawun ƙira. Dangin Poulsen na ƙasar Danmak suna cikin waɗanda suka fara wannan haɗi, kuma a 1924 suka fitar da Else Poulsen.

Sai dai ba kowane floribunda ne ya cancanci gurbi a lambu ba, kuma hoton da ke jikin takardar da ake maƙala wa shukar ba ya faɗin gaskiyar ganye. Iceberg, wanda Reimer Kordes ya fitar a Jamus a 1958, shi ne na fi amincewa da shi: fari ne tas, ƙayarsa kaɗan, yana kai mita ɗaya ko fiye, kuma ba ya gajiya da fure. Aibinsa biyu ne. Ƙamshinsa bai taka kara ya karya ba, sannan inda iska ke da laima yana kamuwa da cutar ganye ta baƙin tabo. Julia Child na Tom Carruth, daga Amurka a 2004, rawaya ne mai taushi, gajere, dunƙulalle, yana da ƙamshi sosai kuma ganyensa na da lafiya, ko da yake zafin rana yana kwashe masa launi. Europeana na ƙasar Holan, 1963, ja ne wur, gungunsa har rinjayar reshe yake don nauyi, amma farar funfuna tana sonsa ƙwarai, don haka ba zan ba sabon shiga shawararsa ba. Mai neman ƙamshi ya dubi Sunsprite, da sanin cewa furensa ba ya daɗewa yake kaɗewa.

Wajen saye, idan mai tsirarar saiwa ne, wato wanda ake sayarwa ba ƙasa a jikin saiwarsa, a nemi mai rassa uku aƙalla, kowanne kaurin fensir, ɓawonsa kore, ba a yamutse ba. Idan a leda ko tukunya yake, a juya ganyen a duba bayansa, a kuma leƙa ƙasan tukunyar: saiwar da ta kanannaɗe tana zagaye tana daɗewa ba ta kama ƙasa ba. Mai tsirarar saiwa a jiƙa shi cikin bokitin ruwa kamar awa 8 zuwa 12 kafin dashe.

Wuri shi ne rabin aikin. Yana buƙatar rana awa 6 a ƙalla, kuma ta safe ta fi, domin ita ce ke busar da raɓa daga ganye. A haƙa rami mai faɗi da zurfin kusan santimita 45, a cika shi da ruwa a gani; in har washegari ruwa na kwance, saiwa za ta ruɓe a nan, sai a ɗaga kunya ko a canza wuri. A gauraya ƙasar ramin da ruɓaɓɓen taki, kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya taki. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake. Gaɓar aure, wato ƙullutun nan da rassa ke fitowa daga gare shi, ta tsaya daidai da fuskar ƙasa a wuri mai ɗumi, inda kuwa ake sanyi mai ƙanƙara a nitsar da ita kamar santimita 5. Tazara santimita 45 zuwa 60, Iceberg a ƙara masa. Uku-uku na launi ɗaya sun fi kyan gani a kan a jera kowane launi ɗai-ɗai. Kada a dasa a gurbin da aka cire tsohon wardi sai an sauya ƙasar, don sabon yakan tsumbure.

Ban ruwa a gindi ake yi, da safe, lita 10 ga kowane tushe sau ɗaya ko biyu a mako, a ƙara in zafi ya tsananta ko ƙasar rairayi ce. Yayyafi kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama. A shimfiɗa busasshen ganye ko ɓawon itace kaurin santimita 5, amma kada ya taɓa kara. Taki sau biyu ya wadatar: lokacin da toho ya fara, da bayan furen farko ya wuce.

Inda aka fi kuskure shi ne aski. Mutane kan datse floribunda ƙasa-ƙasa yadda ake yi wa hybrid tea, sai furen ya ragu, alhali yawan rassa shi ne arzikinsa. A fara cire matattun rassa, da masu goga juna, da siraran da ke tsakiya. Sauran a rage su zuwa santimita 30 zuwa 45, kowane yanka ya zama ɗan sama da idon toho mai kallon waje, da almakashi mai kaifi. Lokacin fure kuma, ƙunshin tsakiyar gungu shi ke riga sauran buɗewa ya kuma riga su bushewa. In aka tsinke shi tun yana ƙarami, sauran sai su buɗe tare. Gungu ya gama, a yanke shi ɗungurungum har zuwa ganye mai 'ya'ya biyar. Reshen da ya ɓullo daga ƙasan gaɓar aure na uwar saiwa ne, wato wani wardin daban da aka aura floribundan a kansa, a tona a fizge shi daga tushe, domin yanka ƙara masa ƙarfi yake.

Baƙin tabo ba ya kama ganye sai ya jiƙe na awanni, kusan bakwai, shi ya sa fesa ruwa a ka da yamma ke jawo shi. Da an ga baƙin ɗigo da rawaya kewaye, a tsinke ganyen, a tsince waɗanda suka zuba, kada a saka su cikin takin da ake tarawa. Darɓa da ke taruwa a kan sabon toho ruwa mai ƙarfi ya ishe ta. Idan sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore, sinadarin ƙarfe ne bai samu ba, galibi don tsamin ƙasar ya yi kaɗan, wato ta wuce 6 zuwa 6.5 da wardi ke so a ma'aunin tsamin ƙasa na pH. Ƙarin ruwa ba zai gyara ba, sai takin da ke ɗauke da ƙarfe da kuma gyaran ƙasar.

Wanda ba shi da fili, gajeru irin Julia Child suna yi a tukunya mai zurfin santimita 40 zuwa 45 mai huji a ƙasa, sai dai ruwa da taki sun fi saurin ƙarewa a ciki, kuma duk shekara biyu zuwa uku sai an sabunta ƙasar.