Sharhi: Littattafan Thrawn na Timothy Zahn da mujallun Darth Vader na Kieron Gillen

Duk wanda ya gama kallon finafinan Star Wars yana son ƙari, zai tarar da ɗaruruwan littattafai da mujallun labarin zane suna jiransa, kuma da yawansu ba su kai kuɗin da ake sayar da su ba. Biyu da na karanta daga farko har ƙarshe, nake kuma tsaya musu, su ne littattafan Thrawn guda uku na Timothy Zahn da mujallar Darth Vader ta Kieron Gillen. Abin da ya haɗa su shi ne sun ba mugun da ke cikin labarin ƙwaƙwalwa: yana da manufa, yana da ƙarancin kayan aiki, kuma mai karatu yana ganin yadda yake lissafi.

Kafin a sayi komai, sai an san cewa labarin Star Wars a rubuce kashi biyu ne da ba sa haɗuwa. Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin da ke shirya Star Wars, a shekarar 2012, sannan a watan Afrilun 2014 aka sanar cewa littattafai da mujallun da suka fito kafin nan an ware su gefe, an sa musu suna Legends. Sababbin finafinai ba sa bin su. Abin da aka wallafa bayan haka, tun daga littafin A New Dawn na watan Satumbar 2014, shi ake kira Canon, kuma shi ke tafiya daidai da finafinai da shirye-shiryen talabijin. Sababbin bugun tsofaffin littattafan suna da ƙyalle mai ruwan zinariya a saman bango da aka rubuta Legends. Bugun da aka yi kafin 2014 ba shi da wannan alama, don haka mai sayen littafin gwanjo ya buɗe shafin farko ya duba shekarar bugun farko.

Littattafan Zahn ɗin da nake nufi na ɓangaren Legends ne: Heir to the Empire na 1991, Dark Force Rising na 1992, da The Last Command na 1993. Labarin ya fara shekara biyar bayan fim ɗin Return of the Jedi. Sarkin Daula ya mutu, Vader ya mutu, 'yan tawaye sun kafa Sabuwar Jamhuriya da babban birninta a duniyar Coruscant, Leia na ɗauke da cikin tagwaye. Sunan Coruscant kansa a littafin farko ya fara bayyana, daga baya George Lucas, wanda ya ƙirƙiro Star Wars, ya ɗauke shi zuwa finafinansa. Ragowar rundunar Daula ta koma hannun Thrawn, babban kwamanda mai shuɗiyar fata da jajayen idanu, wanda ba shi da ko ɗigon ƙarfin nan da ake kira Force.

Wannan rashin shi ne ƙarfin littattafan. Thrawn ba shi da isassun jirage, ba shi da isassun sojoji, kuma abokan gabansa na da Luke Skywalker. Zahn ya bi matsalolin ɗaya bayan ɗaya. Maganin Jedi, wato mayaƙa masu amfani da Force irin su Luke, shi ne wasu ƙananan dabbobi masu suna ysalamiri daga duniyar Myrkr, waɗanda ke ture Force daga kewayensu tazarar kimanin mita 10, ta yadda Jedi da ya shiga wurin ya zama kamar kowa. Maganin ƙarancin sojoji yana cikin dutsen Tantiss a duniyar Wayland, rumbun ajiyar marigayi Sarki, inda akwai tulunan da ake ƙera kwafin mutum a ciki. A ƙa'idar littafin, kwafin da aka gaggauta girmansa haukacewa yake yi saboda Force, sai Thrawn ya kewaye tulunan da ysalamiri, ya riƙa fitar da sojoji cikin kwana 15 zuwa 20. Kun ga dabba ɗaya ta warware masa matsala biyu, kuma marubucin ya shuka wannan tun farkon littafi na ɗaya, bai bayyana amfaninsa na biyu ba sai can gaba. Maganin ƙarancin jirage kuwa shi ne rundunar Katana, manyan jiragen yaƙi 200 da suka ɓace tun zamanin tsohuwar Jamhuriya. An haɗa na'urorinsu wuri ɗaya don rage ma'aikatan kowane jirgi daga kimanin 16,000 zuwa wajen 2,000, kuma wannan haɗin ne ya sa suka ɓace gaba ɗaya a lokaci guda.

Har na'urar ɓoye jirgi an sa mata sharaɗi: wanda ke ciki ba a ganinsa, shi ma ba ya ganin waje. Makami ne da kusan ba shi da amfani a fagen daga, sai Thrawn ya rufe manyan duwatsun sararin samaniya da ita, ya sake su suna kewaya Coruscant, ya kuma yi ta harbin ƙarya don kada a san nawa ya saki. Babban birni ya kulle kansa ƙarƙashin garkuwarsa, ba shiga ba fita. Irin wannan yaƙin nake so a littafi, wanda mai karatu zai iya tsayawa ya bi lissafinsa ya ga ya zauna.

Sauran sababbin mutanen ma sun tsaya da ƙafarsu. Kyaftin Pellaeon, tsohon soja mai biyayya da shakku, ta idonsa muke kallon Thrawn. Talon Karrde ɗan fasa-ƙwauri ne da ya fi cinikin bayanai a kan kaya. Mara Jade kuma, tsohuwar 'yar aiken sirri ta Sarki, tana ɗauke da umarnin kashe Luke, kuma tafiyar da su biyun suka yi a ƙafa cikin dajin Myrkr, inda Force ba ya aiki, ita ce sashe mafi daɗi a littafin farko.

Akwai inda suka gaza. Dabarar Thrawn ta nazarin zane-zane da sassaƙe-sassaƙen wata al'umma don gano rauninta a yaƙi tana burgewa a babin farko, amma da aka yi ta maimaita ta sai ta zama hanyar da marubuci ke tserewa bayani. Tsakiyar Dark Force Rising ya yi nauyi da rikicin siyasa tsakanin manyan Sabuwar Jamhuriya biyu, Borsk Fey'lya da Admiral Ackbar, ana iya rage shi ba a rasa komai ba. Han da Leia da Luke suna yawan tuno maganganun da suka yi a fim, kamar ana tsoron mai karatu zai manta su waye. Sannan abin da littattafan suka faɗa game da Yaƙin Clone bai dace da fim ɗin Attack of the Clones na 2002 ba, saboda an rubuta su shekara goma kafin fim ɗin. Littafi na ɗaya da na biyu ba su da kammalallen ƙarshe, don haka a yi kasafin kuɗin guda uku tun farko.

Ga inda masu saye suka fi yin asara. Bayan an dawo da Thrawn cikin Canon a shirin talabijin na Rebels a 2016, Zahn ya sake rubuta wasu littattafai shida a kansa: Thrawn na 2017, Alliances na 2018, Treason na 2019, da jerin Ascendancy guda uku a 2020 da 2021. Idan ka rubuta Thrawn kawai a shagon intanet, waɗannan ne sukan fara fitowa, marubuci ɗaya, fuska ɗaya a bango. Labarinsu dabam ne, ba ci gaban na 1991 ba ne. A nema da cikakken sunan kowane littafi. Masu sauraro maimakon karatu su lura cewa akwai tsohon karatun murya da aka taƙaita zuwa 'yan sa'o'i, akwai kuma cikakke da Marc Thompson ya karanta, wanda littafin farko kaɗai ya kai wajen sa'o'i 13. Na Thompson ya fi, yana sauya murya ga kowane mutum, ga kiɗa da ƙarar jirage a baya. Turancin Zahn ba mai wuya ba ne, jimlolinsa gajeru ne, sunayen duniyoyi da ƙabilu ne kawai ke cin lokaci a babobin farko.

A ɓangaren labarin zane, kamfanin Dark Horse ne ya riƙe lasisin wallafa mujallun Star Wars daga 1991 zuwa 2014, sannan ya koma hannun Marvel a watan Janairun 2015. Darth Vader ta Gillen, da zanen Salvador Larroca, ta fito daga 2015 zuwa 2016, fitowa 25, kuma tana cikin Canon. Ta faro ne bayan tarwatsa tashar yaƙi ta Death Star a fim ɗin 1977. Sarki ya ɗora wa Vader laifin, ya sa shi ƙarƙashin Janar Tagge, yana kuma renon waɗanda za su iya maye gurbinsa. Vader ya shiga tara kuɗi da runduna a ɓoye, ya ɗauki Doctor Aphra, ɓarauniyar kayan tarihi da ta fara bayyana a fitowa ta 3, tare da mutum-mutumi biyu masu son kisa. Mafi kyawun ɓangaren shi ne lokacin da aka haɗa shi da Sufeto Thanoth don binciken wata sata da shi Vader ɗin ne ya shirya ta. Gillen ya gane cewa Vader ba mai surutu ba ne, ya bar shi da shiru, na kusa da shi ke magana. Larroca ya iya zanen hular Vader da jirage, amma fuskokin mutane sukan fito a daskare, kamar an kwafo su daga hoto.

Tsarin karatun yana da tarko biyu. Na farko, mujallu uku ne masu suna Darth Vader, kowacce da fitowa ta 1: ta Gillen a 2015, ta Charles Soule a 2017, da ta Greg Pak a 2020. A duba sunan marubuci kafin a biya. Na biyu, idan aka sayi kundayen da aka haɗa fitowa-fitowa a ciki, kundi na 1 ya ƙunshi fitowa ta 1 zuwa 6, na 2 ya ƙunshi 7 zuwa 12, na 3 kuma ya tsallaka zuwa 16. Fitowa ta 13 zuwa 15 suna cikin wani kundi dabam mai suna Vader Down, wanda aka sarƙe da mujallar Star Wars ta Jason Aaron. Wanda ke karanta su ɗai-ɗai ya bi wannan jeri: Vader Down 1, Darth Vader 13, Star Wars 13, Darth Vader 14, Star Wars 14, Darth Vader 15. Wanda ya tsallake shi zai buɗe kundi na 3 ya tarar Aphra ta ɓace ba bayani. Yana da kyau kuma a karanta Star Wars fitowa ta 1 zuwa 6 tare da kundin farko, domin fitowa ta 6 ta mujallun biyu ta ƙare da lokacin da Boba Fett, mafaraucin mutane don lada, ya faɗa wa Vader sunan yaron da ya tarwatsa tashar, kowacce ta nuna shi ta fuskarta.

Ga wanda kuɗin aiko da takarda daga waje ya yi masa yawa, manhajar Marvel Unlimited ta fi sauƙi. Ana biyan kuɗin wata ko na shekara, akwai mujallun Gillen duka a ciki har da tsofaffin na Dark Horse da yawa, sababbin fitowa kuma sukan shiga bayan kimanin wata uku da bugawa. Tana rubuta shekara kusa da sunan kowace mujalla, a zaɓi ta 2015. A waya, a kunna tsarin da ke nuna zane gida-gida, in ba haka ba rubutun ya yi ƙanana. Shafukan da aka shimfiɗa zane ɗaya a kan shafi biyu, waɗanda suka yi yawa a Vader Down, sai an juya wayar a kwance, kuma ko da hakan kwamfutar hannu mai faɗin fuska ta fi nuna su. Littattafan Zahn ba sa cikin wannan manhaja, su sai an saye su dabam.