Sharhi kan Littafin Cynical Theories

Na sayi littafin Cynical Theories, wanda Helen Pluckrose 'yar Ingila da James Lindsay Ba'amurke suka fitar a 2020, domin in san daga inda masu fafutukar adalcin zamantakewa a jami'o'in Amurka suka ɗebo tunaninsu. Kuɗina ba su tafi a banza ba, amma ina da ƙorafi babba.

Abin da marubutan suka kafa hujja a kai shi ne, tun shekarun 1960 masana falsafa na Faransa irin su Michel Foucault da Jacques Derrida suka shuka shakka kan ko mutum zai iya riskar gaskiya tsantsa, har ta kai ana cewa masu iko ne suke tsara abin da ake kira ilimi ta hanyar harshe. A ƙarshen shekarun 1980 mabiyansu suka mayar da wannan shakka makamin siyasa, daga wajen 2010 kuma ta rikiɗe ta zama aƙidar da ba a son a yi mata tambaya. A nan littafin ya yi rawar gani, domin ya bar mai karatu da tambaya mai nauyi: idan babu gaskiyar da kowa zai iya aunawa, da me wanda aka zalunta zai tabbatar wa duniya cewa an zalunce shi?

Ƙorafina shi ne yadda aka ɗora wa Faransa kusan dukkan nauyin. Kimberlé Crenshaw, Ba'amurkiya da littafin ya sa cikin mabiyan waɗancan masana na Faransa, masaniyar shari'a ce, kuma maƙalarta ta 1989 kan haɗuwar wariya iri biyu a kan mutum ɗaya ta taso ne daga kotu. Cikin shari'o'in da ta duba akwai ta mata baƙar fata biyar da suka yi ƙarar kamfanin General Motors, inda a 1976 kotu ta ƙi yarda a haɗa ƙorafin launin fata da na jinsi wuri guda. Waɗannan mata aikinsu suka rasa, kuma ba sai sun karanta Derrida ba kafin su gane an cuce su. A ganina littafin bai ba wannan tushe haƙƙinsa ba, kuma hakan ya rage masa adalci.

Turancinsa mai sauƙi ne idan aka kwatanta da na mutanen da yake suka. Ɗalibin da zai saye shi ya nemi maƙalar Crenshaw ya karanta su tare.