Na'urar tace iskar ɗaki: abin da na gani bayan hunturu guda a Sakkwato

A farkon hunturun da ya wuce na sayi na'urar tace iska a wani shagon kayan wuta da ke titin Sarki Yahaya, na kai ta ɗakin mahaifiyata a Mabera. Inna ta haura shekara saba'in, ta yi fiye da rabin rayuwarta a gaban murhun itace, kuma tagar ɗakinta tana fuskantar titin da 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep ba sa yankewa tun daga asuba. Ba tari kaɗai nake ji mata tsoro ba. A shekarar 2020 kwamitin masana na mujallar Lancet ya saka gurɓatacciyar iska cikin abubuwa 12 da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa, wadda mu kan kira ruɗewar tsufa, kuma abubuwa ne da ake iya kauce musu. Kafin nan, a 2017, wani bincike da ya bi diddigin miliyoyin mutane a lardin Ontariyo na Kanada ya gano cewa waɗanda ke zaune ƙasa da mita 50 daga babban titi sun fi na nesa kamuwa da ita da kimanin kashi 7 cikin 100.

Na'urar ba ta wuce tsayin bokitin fenti biyu ba. Fanka ce a ciki da ke zuƙo iska ta bi da ita ta matacin da ake kira HEPA, wanda aka ƙera domin ya kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da girmansu yake maikiromita 0.3 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Abin da ake farauta shi ne ƙurar da masana ke kira PM2.5, wadda sai an jera kusan talatin daga cikinta kafin su kai kaurin silin gashi. Ƙanƙantarta ce ke ba ta damar wuce huhu ta shiga jini, ta haddasa kumburi a jijiyoyin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa, abin da ke da alaƙa da shanyewar ɓarin jiki. Mafi ƙanƙanta kuma suna iya bin jijiyar jin ƙamshi daga hanci kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. A 2016 Farfesa Barbara Maher ta Jami'ar Lankasta da abokan aikinta sun samu ɓurɓushin ƙarfe irin wanda ƙonewar mai ke haifarwa a cikin ƙwaƙwalwar mamata daga birnin Meziko da Manchesta.

A ɗaki rufaffe, na'urar ta cika alkawari. Ranar da hazo ya sauko har ba a hango ƙarshen layi, fitilarta mai nuna yawan dattin iska takan kasance ja idan an kunna, cikin ƙasa da awa guda ta koma kore. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ba ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi ce ta fi tayar mata da hankali ba. Daren wata Juma'a ƙanwata ta zuba turaren wuta a kasko ta shigo da shi, kafin ta ajiye fitilar ta yi jajir, fankar ta hau gurnani kamar za ta tashi sama. Haka take yi wa maganin sauro na kunnawa. Inna ta dube ta ta ce, "Wannan abu naka ba ya son ƙamshi." Na ce, "Inna, hayaƙin ne ba ya so." Tun daga ranar ake turara ɗakin da rana, a buɗe taga, sannan a rufe a kunna.

Ba ta cin wuta kamar fankar sama, don haka ƙaramar sola tana riƙe ta har safe, kuma idan tana mafi ƙarancin gudunta ƙararta ba ta hana barci.

Matsalarta babba ita ce matacin. Takardar da ke cikin kwali ta ce zai yi wata shida zuwa shekara, amma wanda ya rubuta haka bai san hunturun Sakkwato ba, domin kafin wata uku da na buɗe murfin na tarar ya koma launin ƙasa, ƙura ta yi masa kauri kamar bargo. Ba a wanke shi da ruwa, sai dai a kakkaɓe ragar waje. Da na koma shagon sai aka ce babu na canji, a jira ya zo daga Kano, na jira mako biyar. Duk mai niyyar saye ya nemi mataci biyu tun ranar farko, idan babu ya haƙura da wannan samfurin.

Na kuma ji mai shagon yana gaya wa wani dattijo cewa na'urar tana maganin mantuwa. Wannan zance ne na mai son ciniki. Illar da bincike ya nuna taruwa take yi a tsawon shekaru, aikin na'urar kuwa rage abin da ake shaƙa daga yau ne, a ɗaki ɗaya, muddin ƙofa tana rufe. Ba ta kama iskar gubar da janareta ke fitarwa, saboda haka janaretan gidan sai da muka fitar da shi daga zaure zuwa bayan gida. Ba ta kuma isa madafa, inda hayaƙin ya fi yawa, shi ya sa ƙaramar tukunyar gas da na sayo daga baya ta fi ta amfani idan aka auna da kuɗin da kowace ta ci.

Da bazara ta kama a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, rufe taga ya gagara, Inna ta mayar da shimfiɗarta tsakar gida kamar kowace shekara. Na cire matacin, na ɗaure shi a leda, na mayar da na'urar cikin kwalinta sai Nuwamba.