Kafin ka biya kuɗin gida a Legas, hau cikin silin da tocila

A daminar da ta wuce na raka kawuna duba wani gida a Agege. Shekara da shekaru yana haya, yana tara abin da ya samu a harkar shanu a Oko-Oba, har Allah ya kawo lokacin mallakar nasa. Gidan ya sha fenti, sai ƙyalli yake yi. Dillali na ta yabon tayil da rijiyar burtsatse, ni kuwa idona na kan wata kusurwar falo inda farin silin ya fi na ko'ina sabunta. Na ari tsani, na ɗaga murfin silin, na haska. Hasken rana na shigowa ta ramukan ƙusa birjik. Na danna babban yatsa a jikin katako, sai ya nutse, gari ya zubo. Gara ta gama da shi.

"Kawu, ka yi haƙuri ka hau ka gani da idonka," na ce.

Ya hau, ya sauko, bai ce uffan ba. Washegari muka koma da kafinta ya yi lissafin sabon rufi tun daga katako har ƙusa, aka ajiye takardar a gaban mai gida. Da ita aka yi ciniki, kuma sai da ya rage.

A Legas fili ne ke ɗauke da mafi yawan kuɗin gida, amma rufi ne ke ba mai saye bakin magana. Ranar da kai ma za ka sayar, haka za a yi maka. Ruwan nan ba irin namu na Arewa ba ne: yana kankama tun Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Ga laima, ga iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe, musamman wajen Lekki, Ajah da Badagry.

Kwanon gargajiya, irin wanda ya rufe tsofaffin gidajen Mushin da Idi-Araba, shi ne mafi araha, shi ne kuma tsatsa ke fara ci. In ka ga ya yi ja, lissafa shi a matsayin babu. Ban ce ka gudu ba. Sau da yawa gara ka sayi gida mai tsohon kwano da rangwame ka rufa da kanka, da ka sayi wanda aka yi wa kwaskwarima ba ka san abin da ke ƙarƙashi ba.

Wanda na fi natsuwa da shi dogon kwanon alminiyom ne. Ba ya tsatsa, kuma da yake falle ɗaya kan sauko tun daga ƙololuwa har baki, mahaɗar da ruwa zai kutsa kaɗan ce. Sai dai kauri ya bambanta. Akwai 0.45, akwai 0.55, akwai 0.7 na milimita, kuma mai laushin yakan lotsa in an taka, iska mai ƙarfi kuma ta yaye shi daga bakin ƙusa. Ka tafi da maganaɗisu a aljihu. Ba ya kama alminiyom. In ya manne, ƙarfe ne aka yi wa fenti, komai rantsuwar dillali.

Sai mai tsakuwa, wanda kowa ke kira Gerard ko da ba na kamfanin ba ne. Yana da kyan gani, yana rage ƙarar ruwa, kuma a sababbin rukunin gidaje yana jawo mai saye. Asalinsa ƙarfe ne da aka lulluɓe da ɓarɓashin dutse, kuma jabunsa ya cika kasuwa. Sa hannu a indararo: in ka damƙo yashi mai launin rufin, tsakuwar ce ke zuba.

Inda nake so a dakata sosai shi ne ɓoyayyen rufi, wanda ake ɗaga bango ya kewaye kwano har ba a ganinsa daga titi. Yayi ne yanzu, kuma ya sha jefa mutane cikin asara. Duk ruwan saman gidan yana taruwa ne a magudanar siminti da ke bayan bangon. Leda ɗaya ko ganye ya toshe bututu, ruwa ya taru, ya bi ta cikin bango, ya jiƙa silin POP, wato na farin filasta, har ya rufto. Dekin, wato rufin kankare, ma haka: in ruwa na kwana a kai, zai ratsa ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, siminti ya fara ɓantarewa. In ka ɗaga kai ka ga rodi a waje, wannan ya wuce aikin kafinta, injiniyan gini za ka kira. Kada kuma a ruɗe ka da cewa za ka iya ɗora bene. Sai da amincewar hukumomin gini na jihar, kuma sai in harsashin zai ɗauka.

Tsofaffin gidaje masu rufi ko silin asbestos kuwa, wato fallen siminti mai zare-zare a ciki, ƙurarsa na jawo cutar huhu har da kansa idan aka fasa ko aka yanka. Cire shi aiki ne na musamman, ka sa kuɗinsa a lissafi.

Lokacin zuwa duba gida ma zaɓi ne. A Janairu kowane rufi lafiyayye ne. Ka je a Yuni, in da hali ana cikin ruwan, ka shiga ɗaki ɗaki kana shinshina warin laima, kana duba bayan labule da saman durowa. Kuma kafintan da zai hau ya zama naka, kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba.

Kawu ya rufa nasa da alminiyom mai kaurin 0.55, bayan an jiƙa kowane katako da maganin gara kafin a ɗora. Ya adana rasit ɗin kwano da na katako cikin jaka ɗaya da takardun filin.