Financial Times ko Wall Street Journal?

Shekara ɗaya ce tsakanin waɗannan jaridun kasuwanci biyu. An kafa Financial Times a Landan a 1888, ita kuwa Wall Street Journal ta fito a New York a 1889, daga hannun Charles Dow da abokan kasuwancinsa.

Kasuwar Birtaniya ta yi wa Financial Times kaɗan, dole ta leƙa waje. A 1979 ta fara bugawa a birnin Frankfurt na Jamus, ta ƙaddamar da bugun Amurka a 1997, kuma a 2015 kamfanin Nikkei na Japan ya saye ta kan fam miliyan 844. Takardarta mai ruwan hoda, wadda ta soma amfani da ita tun 1893, ko daga nesa ka hango ta a teburin mai jarida ka san ita ce.

Journal kuwa gidanta ya ishe ta. Ta buɗe bugun Asiya a 1976, na Turai a 1983, amma a 2017, shekara goma bayan attajirin kafafen yaɗa labarai Rupert Murdoch ya saye ta, ta daina buga su a takarda.

Mai bin kamfanonin Amurka, Journal ta fi masa. Ni dai don labarin bashin ƙasashe da farashin mai, Financial Times nake ɗauka.