Stockfish a waya: ƙarfinsa ba gardama, lambarsa ce ke son karatu

A istirahohin (wuraren hutawa) da Hausawan Makka da Jidda ke buga shaɗaranji, wato chess, bayan isha'i, da wuya a tashi daga wasa ba a ciro waya an tambayi Stockfish, injin kwamfuta mai buga wasan da auna shi, wa ya yi ɓarna ba. Ta fuskar ƙarfi ya cancanci wannan amana. Ko riyal ɗaya ba a biya, yana cikin shafin Lichess da manhajar DroidFish ta Android, kuma babu ɗan Adam da zai iya ja da shi a dogon wasa. Inda ake samun tangarɗa shi ne lambar nan da yake nunawa a gefen allo don faɗin wanda ke gaba a wasan.

A da lissafin a fili yake, kowane ɗa a allo da darajarsa: soja 1, doki 3, giwa 3, ƙal'a 5, waziri 9, sannan a ƙara ko a rage saboda tsaron sarki da jerin sojoji. Wanda ya ga +1.00 sai ya ce fari ya fi da soja guda. Wannan zamani ya wuce. A Satumbar 2020, cikin siga ta 12, aka shigo da NNUE, wata 'yar ƙwaƙwalwar lissafi da aka horar da ɗimbin matsayai, dabarar da aka aro daga injinan shogi, shaɗaranjin Japan. Zuwa siga ta 16.1 a 2024 an cire tsohon lissafin hannu ɗungurungum. Kuma tun siga ta 15.1 a ƙarshen 2022, ma'anar +1.00 ita ce: in injin ya buga matsayin da kansa, fari zai ci kusan rabin wasannin, saura galibi kunnen doki. A lura, inji da inji ake nufi. Tsakanin 'yan wasan unguwa, +1.00 a hargitsattsen matsayi ba ta tabbatar da komai, domin wataƙila motsi ɗaya tak ne ke riƙe da fifikon, kuma ba mai ganinsa.

Wanda ke son ganin hakan da idonsa ya kalli gasar TCEC ta injinan shaɗaranji, wadda ake yi tun 2010 kuma ake nunawa kai tsaye a intanet. A zagayen ƙarshe ana buga wasa 100 daga buɗewa 50, wato jerin motsin farkon wasa, kowace sau biyu, ana musayar fari da baƙi, kuma da gangan ake zaɓo buɗewar da ta karkata gefe ɗaya don kada komai ya ƙare canjaras. Sau da yawa Stockfish da wani injin mai suna Leela Chess Zero ne ke haɗuwa. Stockfish na tafiya da firosesa, yana leƙa miliyoyin matsayai a daƙiƙa yana yanke rassan da ba su da amfani. Leela, wadda ta bi sahun injin AlphaZero tun 2018, katin GPU (katin sarrafa hoto na kwamfuta) take ci, matsayan da take dubawa ba su kai ko kusa ba, amma kowanne tana auna shi da babbar ƙwaƙwalwa, ta fitar da kason ci, canjaras da faɗuwa. Shi ya sa za a ga ɗaya ya ce +1.5, ɗayan +0.4, a allo guda. Ma'auninsu ne daban, kamar mudun kasuwanni biyu, don haka a bi yadda lambar kowanne ke hawa ko sauka, ba a jera su gefe da gefe ba.

A waya kuwa, babban abokin gaba zafi ne. A yanayin Jidda, minti kaɗan na lissafi ya isa wayar ta ɗau ɗumi, firosesa ya rage gudu don kare kansa, zurfin bincike ya tsaya cak. Abin yi: a cire wayar daga caji da marfinta, a cikin saiti a ba injin rabin Threads (hannayen firosesa) ɗin da wayar ke da su, Hash (ma'ajiyar matsayan da ya riga ya duba) kuma 128 zuwa 256 MB. Layi ɗaya ko biyu na motsin da yake ba da shawara sun isa. Buɗe layi biyar na raba ƙarfin ne kawai. Kada a yanke hukunci da zurfi 15 ko 18 (lambar da ke nuna nisan da ya hango gaba), a jira ya haura 25 a ga ko lambar ta zauna.

Raunin da ya rage wa Stockfish shi ne matsayin da aka rufe ruf. Idan lamba ta tsaya a +2 motsi goma, ashirin, ba ta motsa ba, inji na ta kai da komo da sarki, to alama ce ta canjaras, dokar motsi hamsin, mai ba da canjaras in an yi motsi hamsin ba ci ba motsa soja, ita ce za ta raba gardamar. Ƙarshen wasan da giwayen ɓangarorin biyu ke kan gidaje masu launi daban na yawan jawo haka. In 'ya'yan da ke allo sun rage kaɗan, maganinsa teburan Syzygy, masu ɗauke da tabbataccen sakamakon kowane matsayi: na 'ya'ya biyar bai kai 1 GB ba, zai shiga waya, na shida kusan 150 GB ne, sai kwamfuta, na bakwai ana maganar terabait ne, amma Lichess na nuna amsarsa kyauta in akwai intanet.

Ga mai koyo, Lichess ya fi sauƙin hannu. DroidFish ya fi ga mai son taɓa saiti ko aiki ba intanet, sai dai fuskarsa ta tsufa. Leela kuma a bar wa mai kwamfuta da katin GPU na kirki.