Wasiƙa daga Grenoble: Dutsen da Ya Dace da Ɗan Koyo

Yaya, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali, da Inna da jikinta. Mu nan lafiya lau, sai sanyi.

Saƙonka na murya ya iso ranar Juma'a, sau biyu na saurare shi. Ka ce yaronmu da ke karatu a Lyon ya roƙi kuɗi zai bi 'yan ajinsu Val Thorens wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kai kuma ba ka san ko abu ne na hankali ko ɓarnar dukiya ba, in faɗa maka gaskiya tunda ni ke zaune a gindin duwatsun. Amsar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ra'ayina shi ne ka bar shi ya hau dutse, amma ba wancan dutsen ba, ba kuma a karon farko ba.

Bari in fara da abin da ke kai mutum can, don na san shi ne ya fi tsaya maka a rai. Garin nan na Grenoble, a Faransa, kamar ƙwarya yake, tsaunuka uku sun kewaye shi: Belledonne, Chartreuse da Vercors. A nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu a 1968, kuma har yau tsofaffin gari na ba da labarin Jean-Claude Killy da ya ci zinare uku a Chamrousse, kilomita 30 kacal daga nan. Wasan nan a wurinsu kamar kokawa ne a wurinmu. Shekaruna na farko na ce ba ruwana da shi, wasan masu kuɗi ne. Sai wata Litinin babban yarona ya dawo daga makaranta ya ƙi cin abinci. Da uwarsa ta lallaɓa shi, sai ya ce kowa a aji ya ba da labarin dutsen da ya je, shi kaɗai ya yi shiru. A garin nan aka haife shi, Yaya, kullum yana hangen dutsen ta tagar ɗakinsa. Ranar na gane ni ne nake mayar da shi baƙo a garinsu. Ɗanka ma abin da yake gudu ke nan, kada ka ɗauka shagala ce.

To, me ake saye? Ba abu ɗaya ba ne, kuma nan ne baƙo ke rikicewa. Akwai katin hawa, wanda suke kira forfe, shi ke ba ka damar shiga kujerun da ke rataye a waya suna haurawa da mutane. Akwai hayar kayan wasan: allunan ƙafa biyu, takalma masu tauri kamar ƙarfe, sanduna da hular kwano. Akwai kuɗin malami. Akwai masauki. Kowanne da shagonsa, kowanne da rasidinsa, kuma ba inda ake tayi. Ba a cewa albarka, ba a cewa a rage, abin da ke jikin allo shi za ka biya. Amma kada ka ce farashin a tsaye yake, kwanan wata ke juya shi. Faransa ta raba makarantunta shiyya uku don kada kowa ya fita hutun Fabrairu lokaci guda, kuma a makonnin nan ɗakin da ka gani da sauƙi a Janairu sai ya zama kamar rago ana jibi Sallah. Ɗalibi da ba shi da yara ba abin da zai kai shi dutse a lokacin.

Yanzu Val Thorens. Ba na kushe shi, wuri ne na gaske. Yana kan tsayin mita 2,300, babu garin wasan zamiya da ya kai shi bisa a Turai. Ka tuna ƙololuwar Bagzan, wadda ta fi ko'ina tsayi a Nijar, mita 2,022 ce, ka ga su a saman nan suke kwana. Yana haɗe da Méribel da Courchevel, abin da ake kira Kwari Uku, hanyoyin zamiya kilomita 600 da kati ɗaya. Katin wuni na Kwari Ukun wajen yuro 80 ne. Ka buga da sefa 655, za ka ga ya wuce jaka hamsin, a wuni ɗaya, kafin mutum ya sha ko ruwa. A Chamrousse katin wuni wajen yuro 40 ne.

Abin tambaya shi ne, wanda bai taɓa ɗaura allon nan a ƙafa ba, me zai yi da kilomita 600? Hanyoyin an raba su da launi: kore ta 'yan koyo, shuɗiya ta wanda ya ɗan iya, ja ta gwanaye, baƙa ta waɗanda suka girma a kai. Kwana ukun farko ɗan koyo ba ya wuce wani ɗan fili mai gangare kaɗan, inda wata darduma mai tafiya ke kai shi sama, ya sulalo, ya sake hawa. Filin bai fi na ƙwallon unguwa ba. Abin da zai koya shi ne haɗa bakin allunan biyu su yi tsini don ya iya tsayawa, da yadda ake faɗuwa a tashi. Irin wannan fili kowane ƙaramin dutse na da shi, har wasu wuraren suna da kati mai rahusa na 'yan koyo kawai. Idan ya bi abokan nan, ɗayan biyu ne. Ko su bar shi a ƙasa shi kaɗai, ko kunya ta sa ya bi su hanyar ja. Na biyun shi ke ba ni tsoro, don gwiwa ce ke fara tafiya a wasan nan.

Tunda na ambaci rauni, ga abin da ya fi ba ni mamaki a duk ayyukansu. Masu sintirin dutse ƙwararru ne. Na ga wata mata ta faɗi kusa da ni, ba a daɗe ba sai ga mutum biyu sun sulalo da wani gado mai kama da kwalekwale, suka tsaya sama da ita suka kafa alluna biyu a gicciye don masu saukowa su kauce, suka ɗaure ƙafar, suka lulluɓe ta, ɗaya ya ja ta ƙasa yana yi mata magana a hankali har suka ɓace. Ban taɓa ganin aiki mai tsari haka ba. Sai dai ba kyauta ba ne. Ceto a kan hanyar zamiya biya ake yi a Faransa, ɗaruruwan yuro, kuma takardar za ta biyo mutum har gida. A gida in mutum ya faɗi a kasuwa, kafin ya buɗe ido an ɗauke shi, ba mai tambayar ko dala, amma kuma ba lallai a samu wanda ya san yadda ake riƙe karaya ba. Kowanne da abin da ya fi wani. Maganin abin inshora ce da ake sayarwa tare da katin hawa, wajen yuro 3 a wuni. Duk abin da zai rage, kada ya rage wannan.

Kada kuma ka ji na ce ƙaramin wuri ka ɗauka kowane ƙarami. Araha ta taɓa cutata. Shekarar farko na kama ɗaki na mako guda a wani ƙauye da bai kai mita 1,200 ba, don ya fi ko'ina sauƙi, na biya tun Nuwamba. Da muka isa ruwan sama ake yi. Gangaren duk ciyawa ce da taɓo, sai wani siririn farin layi da injin feshin ƙanƙara ya shimfiɗa, jama'a sun yi cincirindo a kai. 'Yar autata ta tsaya da sabbin safar hannunta tana tambaya ina ƙanƙarar take. Mai ɗakin ya ce shi ɗaki ya ba ni haya, bai ba ni hayar sama ba, ko yuro ɗaya bai mayar ba. Dalilin a fili yake: duk mita dubu da ka hau, sanyi na ƙaruwa da wajen digiri 6, saboda haka abin da ke sauka dusa a sama, ruwa ne a ƙasa. Hunturunsu kuma yana raguwa, kamar yadda daminarmu ta daina zuwa a kan ƙa'ida. Har kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta fitar da rahoto a Fabrairun 2024 a kan makomar wuraren nan saboda ɗumamar yanayi. Tun daga lokacin, kafin in tambayi farashi, tsayi nake tambaya. Ƙauyen Chamrousse yana kan mita 1,650, ƙololuwarsa kuwa 2,250, kuma kyamarorinsa na intanet, da asuba za ka duba ka ga halin da ake ciki kafin ka fita. Wannan ita ce babbar ribar kusa: ba ka biyan komai sai ka gani da idonka.

Masauki shi ne inda zuciyar Bahaushe ke sosuwa. Yawanci daga Asabar zuwa Asabar ake ba da haya. Ɗakin da aka rubuta na mutum huɗu, da yawa gado biyu ne ɗaya bisa ɗaya a lungun ƙofa, da kujerar falo da ake warewa da dare. Zanin gado da tawul ko ka zo da naka ko ka biya daban. Shara in za ka tafi, ko ka yi ko ka biya. Akwai harajin kwana a kan kowane babba, ga kuɗin ajiya da za su riƙe ko wani abu zai fashe. Na tuna zauren Baba, yadda baƙo ke sauka a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa da fura kafin a tambayi sunansa. Amma hakkinsu ne in faɗa, ruwan zafi bai taɓa yankewa ba, wuta ba ta ƙifta ba, motar share hanya ta wuce kafin gari ya waye, kuma duk dare manyan motoci masu sarƙa kamar katafila na hawa suna baje dusar, da safe ka tarar da ita lumui da layi-layi kamar an taje.

Abinci kuwa sai ya yi hattara. Girkin mutanen dutse cuku ne da dankali da naman alade. Tartiflette da ƙananan yankan alade ake yi, raclette da busasshen namansu ake kawowa, fondue kuma da farar giya ake narka cukun. Abin da ake sha da zafi a bakin hanya, in ba cakulan ba ne, giya ce. Ya riƙa tambaya, ba sa jin haushi, za su faɗa masa gaskiya. Mu daga Grenoble muke sayen nama a shagon halal, mu hau da shinkafa da yaji, don shagon saman dutse ya fi na gari tsada sosai. Uwargida ta lura shinkafa na daɗewa ba ta nuna ba a can, ashe a bisa ruwa na tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba. Masallaci ban taɓa gani ba a wuraren da na je. Da alwala nake fita, in yi shafa a kan safa, in nemi lungu bayan ɗakin cin guzuri in yi azahar da la'asar. Ka kuma tuna masa azumi ya shigo hunturu. A 2026 bayan tsakiyar Fabrairu ya kama, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Wasan nan na jawo ƙishirwa fiye da yadda ake zato, gara ya je kafin watan.

Inda ban taɓa jin ciwon kuɗina ba shi ne malami. Makarantar da suke kira ESF, masu jajayen kaya, tun 1945 take, kuma kusan kowane dutse tana nan. Darasin safe na kwana shida cikin rukuni ya kusa yuro 200 a lokacin hutu. Malamar 'yar autata ta durƙusa a kan dusa, ta cire safar hannunta, ta hura wa yarinyar yatsu har suka yi ɗumi, sannan ta juya baya tana sulalawa a gabanta tana kiran sunanta. Ranar ƙarshe aka ba ta 'yar lamba mai hoton ɗan beyar, har yau tana jikin jakar makarantarta.

Sauran wuraren zan taɓa su a gurguje. Alpe d'Huez yana da rana da faɗi, hanyarsa mai lanƙwasa 21 ce, wadda 'yan tseren keke ke hawa, amma kuɗinsa ya kusa na manya. Chamonix, inda aka yi Olamfik ɗin hunturu na farko a 1924, wurin kallo ne a gindin dutsen Mont Blanc, gangarensa kuma sun fi dacewa da gwanaye. Suwizaland ba ta cin yuro, kuɗinta daban, kuma komai nata ya fi tsada, ba ta ɗalibi ba ce. Wanda zai hau da mota, doka ta wajabta tayoyin hunturu ko sarƙa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris a yankunan duwatsu.

Tufafi kada ya sayi sabo. Rigar sanyi da wandon babban yarona za su yi masa. Abin da zai saya safar hannu ce mai hana ruwa, da tabarau, don hasken rana a kan farar dusa na ƙona ido, ba ruwansa da baƙar fata.

Ga abin da na tsara. Ya shigo jirgin ƙasa daga Lyon ranar Juma'a da yamma, tafiyar awa ɗaya da rabi ce, ya kwana wurinmu. Asabar in kai shi Chamrousse da motata, mu ɗaukar masa malami na awa biyu, Lahadi mu koma. In ya yi haka sau uku cikin Janairu, baɗi zai iya bin abokansa duk inda suka nufa hankalina kwance. Kai ka aiko masa da jaka ɗari kawai na zuwan farko, na kati da inshora da hayar kaya, malami da abinci nawa ne. Ni zan kira shi in yi masa bayani, don kada ya ga kamar kai ne ka hana.

Ka gaida Inna ƙwarai. Ka ce mata safar ulu da bargon da na yi mata alkawari suna hannun wani ɗan Damagaram da zai taso ƙarshen wata, zai kira ka in ya sauka Yamai.